Jirgin Alhamis

A zamanin da na fara yawon teku, idan mutum zai je garin da bai sani ba, sai ya nemi tsohon da ya taɓa zuwa, ya kai masa goro, ya zauna ya kasa kunne. Tsohon zai gaya masa inda ake samun ruwa, da yadda mutanen ke gaisuwa, da abin da ba a yi a gabansu. Rabin maganar ƙarin gishiri ne, amma rabin da ya saura yakan fid da mutum. Yanzu kuwa jikata Rawan tana zaune a falon uwarta a unguwar Safa ta Jidda, ta kama ɗaki a wani tsibiri na ƙasar Girka, wadda mu a nan muke ce wa Yunan, ta yanki tikitin jirgin ruwa, har launin labulen tagar ta gani, duk a cikin waya, shayinta bai ko huce ba. Ita da mijinta za su je hutun mako guda. Da ta juyo mini da wayar na ga fararen gidaje sun hau dutse, ga 'yar majami'a mai shuɗiyar ƙubba a bakin mina, wato tashar jirgin ruwa, sai da na cire tabarau na goge. Cikin tsibiran ƙasar nan masu yawa, wanda ta ji ina ambata tun tana rarrafe shi ta zaɓa.

"Sidi, ka rubuta mini shawarwari," in ji ta, haka jikoki ke kiran kaka a nan. "Amma gajeru, ya'ni layi biyar. Ban da tarihi."

"Amarya, kin yashe ni kin auri yaro, yanzu kuma layi biyar kike nema a wurina?"

"Kai ai ka tsufa. Shi yana ɗaukar akwati."

Uwarta Hajara, 'yata ta fari, tana gefe tana ɗinke bakin wata abaya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ki bar shi ya rubuta tarihin. Ni ma ina so in karanta."

To ga shi. Layi biyar ɗin suna ciki, Rawan, sai ki tsince su. Sauran na Hajara ne da ƙannenta. Abin da aka gaya muku game da shekarar da na bar ku ba uba a gida ba ƙarya ba ne, amma ba shi ne duka ba. An ce muku iska ce ta tsare ni. Iska ta zo, sai dai ta tarar na riga na yi nawa.

Kun san an haife ni a wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi a Sudan, inda kakanninmu suka yada zango a hanyarsu ta zuwa Makka a ƙafa, zangon ya zama gida. Ina saurayi na gangara Port Sudan na shiga kicin ɗin jiragen da ke jigilar tumaki da buhuna. Na ga Adan, na ga Jibuti, na ga Bambai, na ga Marsiliya. Hausa da Larabci na sha a nono, Turanci da Faransanci na tsinta a kan ruwa, kuma na riƙa jin kaina a kan haka fiye da yadda ya kamata. A ɗaya daga cikin jiragen nan na haɗu da Kyaftin Manolis, Bagirke gajere mai faɗin kafaɗa, mai faɗa kamar zai ci mutum, wanda kuma ba ya sa loma a baki sai ya tambaya ko 'yan kicin sun ci. Da ya bar teku ya karɓi ragamar wani kamfani da ke kai wa jirage abinci a minar Jidda, shi ya yi wa mai kamfanin maganata, mutumin ya zama kafilina, mai tsaya mini a wurin hukuma. Da iƙamar da ya samo mini, wato takardar zama, na ɗauko uwarku Rakiya da ku na kawo ku ɗaki biyu a unguwar Mahjar. Shekara goma sha shida na yi a ƙarƙashin Kyaftin. Girkancin da na koya a wurinsa na kicin ne da na igiya: albasa, gishiri, ja, saki, yi sauri, jaki. Shi kuwa ya shekara arba'in cikin Larabawa, yana magana da Larabcin mina, mai kaushi kamar tafin hannunsa.

Wata safiya ya faɗi a ofis, ɓarin jikinsa ya shanye. Da ya farfaɗo sai aka ga abin da ban taɓa jin irinsa ba: harshen uwarsa ya tafi. Idan aka yi masa Girkanci sai ya zuba wa mutum ido kamar ana karanta masa Sinanci. Abin da ya rage masa shi ne Larabcin minar nan, shi ma a karye, kalma ɗaya a nan, rabin kalma a can, kuma ni kaɗai nake iya harhaɗa su saboda na saba da bakinsa. Likita ya ce hakan na faruwa. Kalmar da ya fi maimaitawa ita ce aljazira, wato tsibiri. Gida yake so ya je ya mutu, inda ƙanwarsa Marika take. Kafili ya kira ni ya ce in raka shi, ya fitar mini da huruj wa auda, bizar fita da dawowa, ta wata biyu. Ga wanda aka haifa bayan abubuwa sun yi sauƙi, bari in fayyace: idan ranar da ke jikin bizar ta wuce mutum yana waje, ƙofa ta rufe, iƙamarsa ta mutu, kuma duk wanda ke ƙarƙashinsa ba za a sabunta masa tasa ba. Tawa ranar Talata ce, a farkon sanyi.

"Malam, mu biyar ne a rataye a jikin takardar nan," in ji Rakiya, tana cusa mini yaji a gefen jaka. "Ka duba ranar da kyau."

"Na duba."

"Ka sake dubawa. Kai idan ka ga teku mantawa kake yi kana da mata."

Hajara tana ajin ƙarshe na sanawiyya, wato sakandare, a lokacin, ba ta da zance sai na aikin jinya. Ta yagi takarda daga littafinta, ta rubuta ranar da manyan baƙaƙe, ta sa mini a tsakiyar fasfo.

Daga Atina mun gangara babbar mina muka hau jirgin ruwa, ya yi ta tsayawa a tsibiri bayan tsibiri kamar motar ƙauye, namu ne kusan na ƙarshe. Abu na farko da za ki sani, Rawan, garin ba shi da titi sai ɗan wanda ya bi bakin ruwa. Saura duk matakala ce, hawa kan hawa, na fara ƙirgawa na bari. Maza huɗu ne suka ɗora Kyaftin a kujera suka hau da shi, jaki ya bi mu da kaya. Babban akwatinki mai taya ba zai yi miki komai ba a can, mijin da kike alfahari da shi zai yi kuka. Ku ɗauki jakar goyo da takalmi mai riƙe ƙafa, domin duwatsun sun sha takawa har sun yi santsi.

Marika ta tare mu a bakin wata shuɗiyar ƙofa, doguwar tsohuwa cikin baƙaƙen kaya. Ta yi wa ɗan'uwanta magana, ya dube ta, ya juyo ya dube ni. A nan ta gane ba ya jin harshensu, ta koma ciki ta daɗe. Da ta fito sai ga ta da faranti, da cokali guda na ɓawon lemo da aka dafa da sukari, da kofin ruwan sanyi. Ni kuwa da tarbiyyar gida na ce na ƙoshi, ina jiran a matsa mini sau biyu kamar yadda ake yi a wurinmu. Ta ɗauke farantin fuska a murtuke, kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. A can ba a yin wannan alkunya. Idan an miƙo miki cokalin nan ki karɓa, ki shanye ruwan, ki yaba. Ruwan ma kyauta ce ba ƙarama ba, domin tsibirin ba shi da kogi, ruwan sama suke tarawa a rijiyar da ke ƙarƙashin gida. Wannan ban sha wuyar ganewa ba, mutumin da ya jira motar ruwa a Mahjar ya san darajar bokiti. Kada ki saki famfo kina waya. Ki tafi da 'yar butarki, ba za ki tarar da abin tsarki a banɗakinsu ba, kuma takarda a kwandon gefe ake jefawa, bututunsu siriri ne.

Gari ne mai ƙa'idar barci. Daga bayan azahar zuwa la'asar sakaliya kowa ya rufe taga, kanti ya rufe, kare ma ba ya haushi. Na taɓa yin daka a wannan lokaci, wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta dube ni kamar na yi sata. Na ga ƙailula a Adan, na gan ta a Jidda, amma ban ga inda aka mai da ita doka irin can ba. Wajen abinci, kalma ɗaya za ki haddace, hirino, naman alade ke nan, kuma shi ne a yawancin tsiren da za ki ji ƙanshinsa a bakin mina. Ki tambaya kafin ki zauna, ki kuma tambaya ko an zuba giya a miya. Kifi da adas, ɗan mitsitsin waken nan, da wake da zaitun sun ishe ki, a kansu na rayu ban rame ba. Marika da kanta, bayan mun shirya, ta sayo sabuwar tukunya ta ɗaure mata zare a hannu ta ce tawa ce, ba wanda zai taɓa. Alƙibla kuwa, ki fuskanci mafitar rana ki karkata dama. Idan sun ce "ne", ba a'a suke nufi ba, i ne. Abin da ya fi ba ni dariya, a duk yawona ban ga masu daƙuwa irin tamu ba sai su. Ware yatsu biyar a fuskar mutum zagi ne a can kamar yadda yake a Kano. Ni ban taɓa kuskurewa ba domin uwata ta hana ni tun ina ƙarami, amma ku 'yan Jidda da kuke ɗaga tafi ku ce hamsa, wato biyar, ku juya tafin ya dube ku.

Kun ga na lura da abubuwa da yawa. Wanda ya fi muhimmanci ne ban lura da shi ba.

Aikina a gidan, bayan wanke Kyaftin da juya shi, shi ne tafinta tsakanin wa da ƙanwa, ciki ɗaya, nono ɗaya. Ya ce yana jin sanyi, in gaya mata. Ta ce ya buɗe baki ya sha romo, in gaya masa. Akwai wata magana a tsakaninsu da na ji ƙanshinta tun ranar farko. Ya tafi teku yana saurayi, ya bar ta da uwarsu mai ciwo, ta yi jinyarta har ta tsufa ba ta yi aure ba, shi kuma bai zo jana'izar ba. Tana ba shi abinci da cokali a hankali, amma ba ta taɓa zama a bakin gadonsa ba. A tsaye take komai.

Haka mako bakwai suka wuce. Jirgina na sama daga Atina ranar Lahadi ne, kwana biyu kafin Talatar. Tun zuwanmu jirgin ruwa yana zuwa Alhamis da Asabar, na kuma shirya hawa na Alhamis domin in sami sarari. Ranar Laraba da safe Kyaftin ya ƙi romo, numfashinsa ya canza. Na ga mutuwa a jirgi, na san kamanninta. Ya riƙe mini hannun riga da hannunsa mai rai yana ta ƙoƙarin haɗa wata magana, ta ƙi haɗuwa. Sai na gangara mina, wani ɗan kanti da ake sai da tikiti da jarida da tukunyar gas, na wata mata mai suna Despina. Na tarar tana waya, ta maƙale kan wayar a kafaɗa. Na tambaye ta da guntun Girkancina, "Asabar, jirgi?" Ta ɗaga haɓa sama, ta ɗaga gira, ta ɗan lumshe ido, ta ci gaba da wayarta. A wurinmu idan ka tambayi babba yana cikin wani abu ya ɗaga maka kai haka, ya ce i ke nan, jeka. Na san mutanen Sham suna ɗaga kai su nufi a'a, amma su da ɗan tsaki suke haɗawa, wannan kuwa ba ta yi ba. Na yi godiya na fito.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A jikin ƙofar kantin akwai sabuwar takarda da aka manna, da rubutunsu wanda ban iya karantawa. Na gan ta. Na san jiya babu ita. Maza uku suna zaune a gidan gahawa taku biyar daga wurin, kowannensu zai karanta mini da murna. Ban tambaya ba, domin na riga na sami amsar da nake so, kuma ina tsoron in tambaya a ba ni wata. Takardar nan jadawalin sanyi ce. Daga wannan mako jirgi sau ɗaya ne, ranar Alhamis.

Ranar Alhamis na tsaya a tagar ɗakin Kyaftin na ga jirgin ya shigo, ya sauke buhunan fulawa, ya busa ƙaho ya juya. Takardar Hajara tana aljihuna.

Ranar Juma'a da hantsi maganar ta haɗu. Ya ja ni kusa, kalma kalma, ya ce in gaya mata ta yafe masa, uwarsu, da shekarun. Na juya wurin Marika, sai na tarar a duk Girkancina na albasa da igiya ba ni da kalmar yafiya. Abin da na sani kawai shi ne signomi, wadda ake faɗa idan an taka wa mutum ƙafa a kasuwa. Da ita na yi amfani. Na ce Manolis, signomi, na ce mama, na nuna mata shekara arba'in da yatsu, tafina yana dubana. Ta tsaya tana kallona har na zaci ban isar ba. Can ta jawo kujera ta zauna a bakin gadon, ta kama shanyayyen hannun.

"Gaya masa shi jaki ne," in ji ta. Wannan kalma na san ta sarai. "Gaya masa kuma romonsa yana hucewa."

Na gaya masa. Ya yi dariya da rabin fuskarsa. Kafin faɗuwar rana ya cika. Washegari da safe aka kai shi, na tsaya a bakin ƙofar majami'arsu har suka fito, na raka su maƙabarta, daga can na sauka mina da jakata.

Na zauna a kan wani dutse ina duban teku har rana ta take. Wani tsohon masunci ya tambaye ni wa nake jira. Na ce jirgi. Ya kira Despina.

"Ai na ce maka babu," in ji ta.

"Ba ki ce komai ba. Kin yi haka." Na ɗaga mata haɓa.

"To, ai shi ne babu."

Ta sake yi. Masuncin ya yi. Mazan gidan gahawa suka taso, kowa yana ɗaga mini haɓa da gira domin in gane, kamar garken raƙuma. Da wani lokaci ne da na yi dariya. Na ciro fasfo na nuna musu takardar Hajara, na yi bayani da duk harshen da ke bakina, da akwai wanda ya yi aiki a jirgi yana jin Turanci, ya fassara musu. Despina ta dafe baki. Nan take masunta biyu suka ce za su kai ni babban tsibiri a kwalekwalensu, inda jirgi ke zuwa kullum. Suna cikin zuba mai iska ta taso. Kafin la'asar teku ta yi fari fat, hukumar mina ta hana ko da kwando ya fita. Kwana huɗu tana kaɗawa. Talata ta zo ta wuce ina tsaye a bakin ruwa. Saboda haka, Rawan, ko a rani akwai iskarsu mai hana jirgi tashi. Kada ki taɓa jingina jirgin samanki da jirgin ruwa na ƙarshe. Ki bar kwana biyu a tsakani, Atina ba za ta cinye ki ba.

Daga kantin Despina na buga waya shagon maƙwabcinmu a Mahjar aka kira mini Rakiya.

"Iska ce," na ce mata.

Ta san na Alhamis na shirya hawa.

"Jirgin Alhamis fa?"

Na hau murɗa igiyar wayar.

"Tayyib," in ji ta. "Iska za mu gaya wa yara."

Kafili mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Ya ce zai nemo mini sabuwar biza, amma abu ne na ofis bayan ofis, in zauna inda takarda za ta same ni. Wata biyar na ƙara a tsibirin, sannan wata uku a Khartum ina jiran a buga mini bizar. Ban da abin da ke cin raina, da sai in ce ban taɓa zama cikin alheri irin na lokacin ba. Da sanyi ya shiga masu yawon buɗe ido suka watse, otal-otal suka rufe, gari ya koma na masu shi, kowa ya san kowa. Ɗan sandan mina ya ɗauki fasfona da kansa ya kai babban tsibiri aka ƙara mini wa'adi. Marika ta ce ɗakin ɗan'uwanta nawa ne. Despina ta mai da duk takardar da ta zo daga Jidda aikinta, takan hau matakalar nan da gudu da ita a hannu, kuma duk lokacin da ta amsa mini tambaya sai ta faɗa da baki sau biyu tana dariyar kunya. Na taya su tsinkar zaitun, na taya su shafa wa gidaje farar ƙasa. Wata rana na ga suna da farin wake mai baƙin ido irin namu, dafa shi kawai suke yi su zuba mai. Na jiƙa, na surfe, na niƙa, na soya musu ƙosai da yajin Rakiya a gidan gahawa. Daga ranar duk Lahadi sai an aiko a tambaya ko akwai. Azumi ya same ni a can. Marika takan hau soro ta tsare rana, da ta faɗa cikin teku sai ta buga murfin tukunyata da cokali, in sha ruwa.

Sunan da suke kirana da shi kseno. Na tambayi mai jin Turancin ma'anarsa, ya ce wanda ba ɗan gari ba, kuma wanda aka saukar a gida ake ciyarwa, duk kalma ɗaya ce. Na ce ashe baƙo. Larabci ya raba su, akwai daif akwai ajnabi, ni kuma na san wanne ne a rubuce a takarduna duk tsawon zamana a Jidda. Turanci ya raba, Faransanci ya raba. Sai a kan wani dutse a tsakiyar teku na tarar da mutanen da suka haɗa su kamar Bahaushe.

Amma ina cin kifi a can, a nan iƙamarku ta mutu. Rakiya ta daina bin babban titi, ta koma yin alkaki da funkaso na biki a cikin unguwa. Makaranta ta nemi Hajara ta kawo sabuwar takarda kafin a rufe sunayen masu jarrabawa. Ta je sau uku tana roƙo, aka cire sunanta. Ranar da na dawo ita ta buɗe mini ƙofa. Ta durƙusa ta ce sannu da zuwa Baba, ta karɓi jakata. Na ga littattafanta a cikin kwali a saman kabad, an ɗaure da igiya. Shekarar da ta biyo na yi, na yi da ita ta koma makaranta, ta ce ƙawayenta sun wuce, ita kuma ta riga ta saba da keken ɗinki. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ko sau ɗaya. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Kun sha yi mini dariya a kan wata ɗabi'a. Idan na tambayi ɗayanku ya ci abinci ya gyaɗa kai, sai in ce faɗa da baki. Direban tasi, ma'aikacin jawazat mai duba fasfo, likita, har liman, ba wanda na ƙyale. Jikoki suna kwaikwayona a bayan idona, na sani. Yanzu kun san inda na samo ta.

Da na kawo nan a rubutun, na ɗauki shafukan na kai wa Hajara shagonta na ɗinki a unguwar Aziziyya kafin kowa ya gani. Ta sallami masu jira, ta sa tabarau, ta karanta a hankali da yatsa, domin Hausar boko ba ta zauna mata kamar Larabci ba. Na zauna ina kallon zare. Da ta gama ta jera shafukan ta daidaita bakinsu.

"Baba, da matar ta ce maka babu da baki, da ka taho?"

"Da na taho."

"Da tsohon ya mutu ba wanda ya isar masa."

"Haka ne. Amma ba ke ya kamata ki biya ba, kuma ban tambaye ki ba. Na ga takardar a ƙofa, Hajara. Ki yafe mini."

"Umma ta gaya mini zancen jirgin Alhamis tun kafin ta rasu," in ji ta. "Ta ce kada in tayar maka. Na yafe tun tuni. Jira kawai nake ka faɗa da baki."

Ta miƙo mini shafukan, ta ce in gyara wurin da na ce sau uku ta je makaranta, sau biyar ne. Na bar shi yadda na rubuta domin ku ga iyakar abin da na sani, ga gyaran nan a bakinta.

Rawan, idan kin isa ki hau matakalar da ke bayan majami'a har ki ga shuɗiyar ƙofa kusa da itacen lemo. Marika ta daɗe da rasuwa, ban san wa ke ciki ba. Ki ƙwanƙwasa, amma ba da azahar ba. Ki ba su dabinon da zan ba ki, ki ce daga kseno mai ƙosai. Idan sun miƙo cokali ki karɓa.

Hajara ba ta zama ma'aikaciyar jinya ba, kuma ba za ta zama ba. Marika ta zauna a bakin gadon ɗan'uwanta kafin ya cika. Duka biyun daga jirgi ɗaya suka fito, wanda na tsaya a taga na bari ya wuce. Na gode wa Allah da ya ba ni matar da ta rufa mini asiri, da 'yar da ta jira ni shekaru masu yawa ba ta gaji ba. Daga yau a gidan nan an daina cewa iska ce.